Hanyar Fitar Kaka Daga Layin Mai Kanwa

Wata Asabar ce cikin watan Agusta na 1979, a goman ƙarshe na azumi, ina 'yar shekara goma. Mma, mahaifiyata, ta aike ni sayen citta da kanumfari na lamurjen buɗa-baki, ni kuwa da na fito na iske 'yan matan layinmu suna wasan ampe na tsalle da tafi, sai na ƙulle kuɗin a bakin zane na shiga. Ina cikin tsalle, ƙafa ɗaya a sama, aka yi wata ƙara wadda ban taɓa jin irinta ba. Kwanon rufin gidaje ya girgiza, tantabarun Malam Isa wanzami suka watse, Baba ya fito daga zauren ɗinkinsa da almakashi a hannu yana salati. Kafin mu farga mata sun ɓarko cikin layin, wasu ba ɗankwali, wasu ba takalmi, kowace ɗauke da abin da hannunta ya iya kamawa, suna kuka da yaren ƙabilar Ga da na Asante. Ashe sojoji ne suka sa wa kasuwar Makola nakiya. Matan suka ratsa layin suka fice ta ɗaya bakin, sai mace guda, ƙatuwa, da tiren zare da allurai a kai. Ita da ta kai ƙarshen layin sai ƙafafunta suka ƙi, ta zube ta jingina da katangar masallaci, ko kuka ba ta yi. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce ta dogara sandarta ta je wajenta da moɗar ruwa, ga ta da azumi a baki, ta ce, "Sha, 'yata. Zauna nan, ba mai tashinki." Ran nan dai lamurje ba citta aka sha a gidanmu, kuma kunnena ya sha murɗa a hannun Mma.

Layin Mai Kanwa ake ce wa layin namu, a tsakiyar Accra, wadda mu 'yan zango muke kira Ankara, daura da Zongo Lane. Gajere ne ƙwarai, har idan Mma ta tsaya a wannan baki ta ƙwala mini kira ina wancan bakin zan ji, in kuwa na yi kamar ban ji ba, to akwai masu ba da shaida a kowace ƙofa. Mai Kanwa da aka sa wa layin sunansa surukin Kaka ne. Bafatake ne, ya gangaro daga arewa da kanwa, ya yi zama a Salaga, ya biyo goro har bakin teku, masu ƙasa suka nuna masa wani fili mai ciyawa suka ce ya kafa. Ya yi ɗakin laka da zaure, duk wanda ya sauka a zauren ya daɗe sai ya ja nasa ɗakin a gefe, har gidaje suka jeru suna kallon juna, kwata tana bi ta tsakiya. A zamaninmu akwai Hausawa, da Zabarmawa 'yan dako, da Yarabawa masu kayan koli, da Kotokoli, da wani gidan Mosi masu tsire. Hausa ce ta haɗa mu, amma irin tamu, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata, ga Ga da Asante da Turanci sun cuɗe a ciki. Kaka ta tsani wannan Hausar. Tun tana budurwa aka kawo ta daga Salaga, kuma har ta tsufa in ka ce mata "Kaka ya ci tuwo?" sai ta waiga baya ta ce, "Wane ƙato kake tambaya?"

Baki biyu layin ke da shi, kuma kowane da aikinsa. Na ƙasa shi ne bakin kasuwa, mai faɗi da hayaniya, nan 'yan kifi da 'yan tumatir suke, nan masu kura suke ihun a ba su hanya. Ta nan ake shigo da amarya, ta nan ragon suna yake shigowa, da gawayi, da baƙo. Na sama shi ne bakin masallaci, ɗan matsattse tsakanin katangar masallaci da bangon gidan wanzami, ya ɓulla kan babban titi. Ta nan kaɗai ake fitar da gawa. Ba wanda ya rubuta wannan, liman ma yakan ce ba ya cikin littafi, amma tun zamanin Mai Kanwa ba a taɓa saɓawa ba. Mata ba sa bin gawa maƙabarta, saboda haka a bakin nan suke yin cirko-cirko, a yi salla a gaban masallaci suna kallo, a ɗauki makara a miƙe titi, ba wadda za ta motsa sai an sha kwanar da ke gindin dogon yaro. A nan Kaka ta yi wa mijinta ganin ƙarshe, a nan ta tsaya wa 'ya'yanta huɗu, Baba kaɗai ya rage mata. Doka ta biyu ta layin ita ce ba a tashin baƙo. Wanda aka ce wa zauna, ya zauna kenan, sai in shi ya ga dama ya tashi.

Ni a lokacin ba ruwana da doka. Uwar Yawo Kaka take kirana, kuma ban ga laifinta ba, don zama wuri ɗaya ciwo ne a wurina. Da asuba in ɗauki bokiti in bi layin famfo, in an ɗauke ruwa mu zarce har Tudu muna faɗa da 'yan can. In dawo in ɗauki tallar kokon Mma da ƙosai in zaga, sannan in sa rigar makarantar boko da gudu, da yamma kuma makarantar allo. Ranar Lahadi kowane gida zai fito da tsintsiya da shebur a yashe kwata, mu yara muna tsintar kwabo da maɓallai a cikin baƙin laka. Tsakanin wannan da wancan sai ampe, da 'yar carafke da duwatsun da muke ɓoyewa a ramin katanga, da tsokanar tumakin liman, da leƙen ɗinkin Baba don a samu ƙyalle a yi wa 'yar tsana zane. Na san wa ke soya me a kowane gida, na san matar da ta yi yaji da wadda aka yi bikonta, kuma duk abin da na sani sai layin ya sani kafin azahar. Kaka takan ce, "Wannan yarinya ƙafarta ba ta zama, bakinta bai rufuwa, ko da wanne za a ji?"

Matar nan da ta zube a bakin masallaci Anti Dede ne sunanta, mutuniyar Ga, Kirista, daga unguwar Alajo take zuwa kullum. Da can rumfar atamfa gare ta a Makola, duk ta tafi, tiren nan kawai ya tsira, ga 'ya'ya ga miji marar lafiya. Bayan salla sai ga ta ta dawo wurin da Kaka ta zaunar da ita, ta ajiye tire a kan kwali. Masu wucewa a babban titi suka fara saye, teloli suka gane wurin. Kwali ya zama tebur, tebur ya samu laima, kafin shekara ta zagayo kafinta ya buga mata ɗan shagon katako mai rufin kwano, ta shafe shi da shuɗin fenti, ta jera zare da sabulu da ashana da alawa. Ba wanda ya hana ta, don kowa ya ji abin da Kaka ta faɗa ranar nan. Mace ce mai ƙarar murya da saurin hannu, in yaro ya taɓa alawarta zai sha ranƙwashi, in ya faɗi ya kurje gwiwa ita ce mai wanke masa. Ta koyi Hausar layin tsaf, ranar Juma'a takan rufe rediyonta tun kafin huɗuba, kuma kowace safiya sai ta leƙa ɗakin Kaka ta durƙusa ta gaishe ta. Hanyar da shagon ya bari ta ishi mutum ya wuce da kaya a kai, mu kuwa iyakar abin da muke dubawa kenan.

Sai da Malam Isa wanzami ya rasu aka gane. Aka yi masa wanka aka sa shi a makara, maza suka ɗauko suna tahlili, mata muka bi baya, ana zuwa bakin masallaci sai makara ta tokare. Hannun makarar ɗaya ya daki katakon shagon Anti Dede, ɗaya ya daki bango. Aka ja baya aka sake gwadawa, ina! Wani ya ce a karkata ta, liman ya ce ba za a karkata masa gawa ba. A ɗaga sama kuma ga rufin shago ga wayar lantarki. Ranar Lahadi ce, Anti Dede tana coci, shagon a garƙame. Rana tana yi, sai aka juya da Malam Isa, aka gangara da shi ta bakin kasuwa. Wallahi har yau ina ganin abin. Makara tana kutsawa tsakanin kwandunan kifi, ƙudaje suna tashi, masu kura suna ihu, wata mai tumatir tana zagi don an taka mata kaya, direban torotoro, motar haya, yana ta danna oda. Matan gidansa suka rasa inda za su tsaya, wasu suka bi cikin kasuwar, wasu suka ruga sama, uwargidansa tana ta juyi a tsakiyar layi kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Kaka tana ƙofar gida a kan kujerarta, ta ga komai. Da aka watse ta shiga ɗaki, ranar ko ruwan koko ba ta kurɓa ba.

Tun daga nan Kaka ba ta sake samun sukuni ba, mu ma ba ta bar mu mun samu ba. Ta zauna ta tashi, ta fita ƙofa ta dawo, ta kwance ƙunshin likkafaninta da ta daɗe da tanada ta sake ɗaurewa. Ko me ake hira sai ta karkato da ita can. "Ni ba za a bi da ni ta cikin 'yan kifi ba," haka take faɗa, da safe da rana. "Ta inda maigidana ya fita, ta inda 'ya'yana suka fita, ta nan zan fita." Baba ya ce to ai sai a gaya wa Dede ta janye shagonta. Kai, kamar ya watsa mata wuta! Ta ce ita da bakinta ta ce wa baiwar Allah ta zauna, yanzu don ta kafu ta fara ciyar da 'ya'yanta za a ce ta tashi? Duk wanda ya je ya faɗa, ba ta yafe ba. Baba ya ce to me kike so a yi, ta ce oho, ku ne maza. Dattawan layin suka zauna a zauren liman, aka ci goro aka tashi, aka sake zama aka ci goro. Kai ƙara wajen hukuma ba ya cikin zance, don a shekarun nan in ka kira su kan shago ɗaya, layin duka za su baje, su zane mata a bainar jama'a. Wani wurin kuma babu, matan Makola sun cike kowane saƙo na bakin kasuwa. Anti Dede da ta ji labarin Malam Isa ta zo ta yi gaisuwa da kuka, aka ce mata ba komai, ƙaddara ce, ita kuwa ta yarda.

Sai Kaka ta tsiro da wata ɗabi'a. Kullum da hantsi za ta ce in kama mata hannu mu je gaida Dede, alhali Dede ta riga ta gaishe ta. In mun isa za ta tsaya a matsatsin nan tana tambayar mai jiki da yara, sai ta saki sandarta kamar ta kuɓuce, ta faɗi a gicciye tsakanin shago da bango. Sandar ba ta taɓa kwanciya ba, kullum kanta ɗaya sai ya hau katako. Kaka ta dube ta, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, in ɗauko mata mu koma. Ni na san dalili, don ni ta aika bayan masallaci na gwada sandar a faɗin makara, na dawo na ce mata daidai suke. Wata rana na je sayen zare ni kaɗai, Anti Dede ta damƙe hannuna. Ta ce, "Adiza, zo nan. Me ya sa Kaka yana yar da sanda a gaban shagona kullum? Magani ne yana yi mini?" Haba, a ce kakata tana asiri! Raina ya ɓaci, na zazzage mata komai, da makara, da likkafani, da 'yan kifi, da rantsuwar Kaka cewa ba ta yafe wa wanda ya tashe ta ba. Ta saki hannuna, ta juya tana kallon bangon wanzami, ko kuɗin zaren ba ta karɓa ba.

Washegari ba ta zo gaida Kaka ba, jibi ma haka. Shagon a rufe. Na kasa ci na kasa zama, ina ta sintiri daga baki zuwa baki, ina jiran ranar da Kaka za ta gano ni ce na kori baƙuwarta. Kaka kuwa ta tasa Baba a gaba da tuhuma, yana ta rantsuwa. Ana haka, ran Laraba da rana tsaka, sai ga Anti Dede ta ɓullo da kafinta da wasu Zabarmawa 'yan dako, suna ɗauke da tayoyi huɗu na kura da sandunan ƙarfe. Ba ta yi wa kowa bayani ba. Aka kwashe kaya, aka ɗaga shagon a kan duwatsu, aka yi ta bugu har la'asar, layin duka ya taru yana kallo. Da aka gama ta ɗaure zane a ƙugu, ta sa kafaɗa, 'yan dako suka kama mata, shagon ya yi ƙiii ya gangara ya fita bakin titi. Dole waje zai fita, don cikin layin ba inda zai raɓa bai toshe hanya ba. Bakin masallaci ya buɗe wayam kamar da. Sannan ta tako har ƙofarmu tana haki, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ni ban tashi ba, kai ma ba ka tashe ni ba. Ranar da za ka fita, zan buɗe maka."

Da wata tsohuwar ce, da sai ta yi godiya shi ke nan, amma ban da Kaka. Cewa ta yi sai ta gani da idonta. Ta sa Baba ya je ya ari makarar masallaci, liman yana cewa wannan wane irin abu ne, ba a wasa da makara, ta aika masa cewa ranar da aka tokare da Malam Isa ma ai ba wasa ake yi ba. Haka Baba da samari uku suka ɗauko makara ba kowa a ciki, suka fara daga ƙofar gidanmu, yara suna gudu suna ɓuya, matan layin suna salati suna dariya a lokaci guda. Kaka tana biye da sandarta, tana ba da umarni: a yi a hankali, a daidaita kafaɗa, kai na baya kada ka yi sauri. Makara ta wuce sumul, ko bango ba ta goga ba. Kaka ta ce a sake. Aka sake. Sannan ta ce alhamdulillahi, ta koma gida ta ce Mma ta zubo mata tuwo da miyar ayoyo, ta cinye tas ta nemi ƙari. Ni kuwa da na ga ba wanda ya tambayi yadda Dede ta sani, karon farko a rayuwata na ja bakina na tsuke.

To, sai Kaka ta ƙi mutuwa. Shekara ta bi shekara, aka shiga shekarar yunwa, lokacin da muke bin layin dokunu, ƙullun masara, ɗanye mu kai gida mu dafa, ƙasusuwan wuyan kowa suka fito, ita tana nan. Shagon ya fita wa wasu, ya fita wa liman da kansa, ya fita wa jarirai. Kowace Asabar Anti Dede za ta ɗiga wa tayoyin baƙin mai, in ta zo gaisuwa ta ce, "Kaka, na sa mai. Yau ne?" Kaka ta ce, "Ba yau ba, ja'ira, je ki yi cinikinki." Sai dai babban titin ya canja. Aka fara wata sharar masu talla, wasu ma'aikata suna yawo da babbar mota, duk tebur ko rumfar da suka samu a bakin titi su farfasa su loda. Da an hango su sai a ɗauki ihu da yaren Ga, "Aaba ee!" wato ga su nan zuwa, kowa ya suri kayansa. Shagon Anti Dede ya tsira ne don a cikin bakin layi yake, ba a kan titi ba. Amma daga nan duk fitar da zai yi caca ce, kuma kowa ya san haka.

Ina 'yar shekara sha shida Kaka ta rasu, wata Talata bayan sallar asuba, tana zaune da carbi, ba ciwo ba jinya. A makon ne kuwa motar nan ta matsa wa titinmu, kullum sai ta zaga. Ina ɗaki ana haɗa ruwan wanka na ji Baba a zaure yana magana da Anti Dede. Ya ce ta bar shagonta inda yake, za su bi ta ƙasa, Allah ya ga niyyarta kuma mamaci bai san ta inda aka bi da shi ba. Na tsaya a bayan labule, rabina yana son in fito in yi wa Baba ihu, rabina ya san gaskiya ya faɗa, don shagon nan shi ne abincin gidan mutum guda. Anti Dede ta fyace hanci da gefen zane ta ce, "Tela, Kaka bai sani ba, amma ni na sani." Ta fita tana kiran 'yan dako. Mu 'yan mata muka shiga kwasar kaya zuwa zauren Baba da gudu, ba mu kai rabi ba aka ce an gama shiri, a buɗe hanya.

Bayan azahar aka fito da ita. Makara ta bi layin daga ƙofarmu, ta wuce gidan Mosi, ta wuce famfo, ta shiga bakin masallaci ta fita ba abin da ya taɓa ta. Muka tsaya a wurin tsayuwar mata, Mma a damana, Anti Dede a haguna da baƙin ɗankwali, shagonta yana can gefen titi a bayanmu. Aka yi salla, maza suka ɗauka suka miƙe, layin bai rage da namiji ko ɗaya ba. Sun yi nisa kaɗan sai ihun ya taso daga ƙasan titi, "Aaba ee! Aaba ee!" Na ji motar ta ci birki, na ji takalma suna dira. Na zabura zan ruga, ban ma san me zan yi ba, ko in kama shagon ko in cije wani. Anti Dede ta cafke wuyan hannuna, riƙon da sai da ya bar mini shaida. Ba ta waiwaya ba. Idonta yana kan makara, hawaye yana bin kumatunta, ta ce, "Tsaya. Kaka bai sha kwana ba tukuna." Muna tsaye muna jin guduma tana sauka a kan katako, kwanon rufi yana ƙara, kwalaben alawa suna fashewa. Matan layin duk suna ji, ba wadda ta motsa. Makara ta yi ta tafiya a hankali, yadda Kaka take so, har ta kai gindin dogon yaro ta karya kwana. Da muka juya motar ta riga ta tashi, sai zare kala-kala da ya warware a kan kwalta.

Da Baba ya dawo daga maƙabarta ya ga wurin, zama ya yi a bakin kwata ya rufe fuska da hula, abin da bai yi ba ko da safe. Washegari ya ja keken ɗinkinsa gefe, ya raba zaurensa biyu ya ba Anti Dede rabi. Ta yi ƙoƙari, amma tsakiyar layi ba bakin titi ba ne, ciniki bai zo ba, jarin bai sake tashi ba. Bayan kamar shekara biyu ta tattara ta koma Alajo wajen babbar 'yarta, tana sayar da gasasshiyar ayaba a ƙofar gida. Na riƙa zuwa gaishe ta har bayan na yi aure. Sau ɗaya na tambaye ta ko ta yi nadama, ta harare ni ta ce in ci ayabata in rufe mata baki. Da ta rasu na je cocinsu da mayafina na zauna a baya, ban san waƙoƙin ba, na yi mata addu'ar da na iya.

Mu ma ba mu daɗe ba. Masu gidaje suka fara ba 'yan kasuwa zaure, daga zaure sai ɗaki, daga ɗaki sai gida duka. Zabarmawa suka koma Nima, gidan Mosi suka tafi, mu muka ƙare a Maamobi cikin shekarun casa'in. Har yanzu ƙafata ba ta koyi zama ba, duk sanda na shiga gari sai na ratsa ta layin, ko ba abin da zan saya. An rufe kwata da siminti, an ɗora benaye, daga wannan baki zuwa wancan shagunan yadi ne da takalma da kayan waya, lasifika tana ta ihu. Bakin masallaci an toshe shi da ginin bulo, sai ɗan saƙon da mutum zai bi a kaikaice. Na taɓa tsayawa na tambayi wani saurayi mai shago ta ina suke fitar da gawa yanzu. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya ce, "Hajiya, wace gawa? Ƙarfe shida kowa yana kulle shago ya tafi gida." Gaskiyarsa ne, na kuma daɗe ina tsaye a wurin ina jin kewa tana cin raina. Ba a mutuwa a Layin Mai Kanwa yanzu, don ba mai kwana a cikinsa.